Dajin Arewa da Masu Shi

Duk wanda ya bi tarihin tsofaffin garuruwan ƙasar Arewa ta Nijar a bakin dattawa, mahalbi zai tarar a farkon zance. Wani mutum ne da kwari da baka ya biyo sawun nama har cikin kwarin Dallol Mawri, ya iske ruwa kusa, ya rataya warkinsa a wata bishiya, ya kwana. Kafin ya sare ko reshe ɗaya sai da ya nemi izinin masu wurin, wato iskokin da ke zaune cikin itace ko dutse, aka ƙulla alƙawari: ga abin da zai riƙa bayarwa duk shekara, ga abin da shi da jikokinsa ba za su taɓa ba. Haka Gubawa, waɗanda ake kira 'yan ƙasa, suke ba da labarin zamansu. Arawa daga baya suka zo, masu danganta asalinsu da Barno ta wajen kakansu Ari, suka riƙe sarauta, Sarkin Arewa ya zauna a Matankari. Amma sha'anin ƙasa da abin da ke yawo bisanta bai bar hannun mutanen farko ba: Sarauniya a Lugu, Baura a Bagaji. Bafaranshe Marc-Henri Piault ya rubuta wannan rabon iko cikin littafinsa na tarihin Mawri a 1970. Sarki yana da mutane, 'yan ƙasa suna da daji.

A nan tushen al'adar yake. A wurin Ba'are na da, daji ba fili ne da kowa zai faɗa wa ba. Yana da masu shi, kuma namun dawa dukiyarsu ce, kamar yadda shanu suke dukiyar Bafillace. Doguwa, wadda sunanta ya fi na kowace iska yawo a bakin mutanen Arewa, uwar dawa ce. Wanda ya kashe nama ba bisa ƙa'ida ba ya taɓa garken wani, kuma ana ganin sakayya ba ta daɗewa: ciwo, hauka, ko ɓata a dajin da mutum ya sani tun yana yaro.

Saboda haka halbi gado ne, ba sana'ar da ake shiga da ka ba. Yaro yakan fara da riƙe wa ubansa gora da burgami, yana bin sa yana koyon sawu. Sai ya iya raba sawun barewa da na gada, ya san kashin da aka yi jiya da na shekaranjiya, ya san ta inda iska ke busowa kafin ya yi sanɗa. In ya yi garaje uban ya ce, "Kai yaro, daji ba a yi masa gaggawa," shi kuwa ba abin da zai ce sai "To, Baba." Dafin kibiya, wanda ake dafawa da kwankwani da wasu itatuwa, ba a haɗa shi a cikin gari, ba a kuma koya wa wanda bai natsu ba. Akwai dabarar burtu: mahalbi ya ɗaura kan burtu a goshi, ya duƙa cikin haki yana tafiya yana caccakar ƙasa irin ta tsuntsun, har ya zo dab da barewa ba ta zabura ba. Wanda ya iya wannan ya san dabba ciki da bai, kuma wuya ne mutum ya san abu haka bai ji nauyinsa ba.

Ba kowane nama ake halbi kai tsaye ba. Gwanki da ɓauna da makamantansu ana ɗaukar su masu kwarjini ne, ba a tunkarar su sai da shiri: laya, guru, turare, da wankan magani bayan an kayar. Gidaje da yawa suna da abin da ake kira kan gida, wata dabba da zuriyar ba ta ci, ba ta kashewa. Wani gidan damo ne, wani guza, wani kura, wani maciji. In dabbar ta shigo gida, lallaba ta ake yi ta fita. Babban nama in ya faɗi akwai rabon sarki, fatar zaki da ta damisa kuwa fada ake kai su. Mahalbi kuma shi ne mai maganin ƙauye, domin wanda ya kwana daji shi ya san saiwa da sassaƙe. Matan da ɗansu ke fama da shawara ko wanda maciji ya sara, ƙofarsa suke bugawa.

Farauta daban take da halbi. Ita ta gayya ce, ta samari da karnuka, kuma tana da lokaci. Da damina daji a rufe yake: nama na haihuwa, haki ya yi tsawo, kowa yana gona. Sai an girbe hatsi, an ɗaure damma, an kai rumbu, sanyi ya shiga, sannan a yi buɗin daji, al'adar Azna, masu addinin gargajiya, da aka sani tun daga Arewa har Ƙonni da Gobir, wadda har yanzu take tara jama'a a Masalata kusa da Birnin Ƙonni. Manya su yi yanka, su nemi lafiyar shekara, a shiga daji a karo na farko, a lura da naman da ya fara tashi da inda ya nufa, masu duba su faɗi abin da suka gani game da damina mai zuwa. Kafin wannan rana, wanda ya cinna wa daji wuta ko ya kira farauta ya yi laifin da gari duka zai tuhume shi.

Bayan an buɗe kuwa, sai wanda ya gani. Tun asuba ake busa ƙaho, ganga na tashi, ƙauyuka uku ko huɗu su haɗu a bakin wani fage, kowa da kere da gora da barandami, karnuka na ja da tsawu. A yi sahu mai tsawo a kutsa cikin sabara da geza. Zomo ya tashi, a yi ca, ƙura ta turnuƙe. A bisa ƙa'ida wanda ya fara jifa ya samu shi ke da nama, amma ƙa'ida ɗaya ce, ƙarfi kuma daban, don haka ake ƙwace, 'yan tauri na wannan gari su yi kirari su nufi na wancan, sai dattawa sun shiga tsakani. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Da la'asar a komo gari da nama a rataye, mata na guɗa, yaron da ya kashe zomonsa na fari ya kai wa kakarsa. A filin farauta ake sanin jarumi, a nan ake ƙulla abota tsakanin garuruwa, a nan ma wani lokaci ake ƙulla gaba.

Yau ana busa ƙahon, amma abin da ke tashi ya ragu ƙwarai. Zomo, kurege, bushiya, gafiya, fakara, jefi-jefi zabon daji ko dila. Giwa da zaki da ɓauna sai a gandun W, can kudu maso yamma, wanda aka kafa a 1954, inda shi da maƙwabtansa na Benin da Burkina Faso suke riƙe da mafi yawan zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma. Yaron Kiyeshe ko na Dumega ya san kura a tatsuniya, bai taɓa jin kukanta ba. Ko ungulu, wadda da take cika mahauta ranar kasuwa, ta yi wuyar gani. Guba da masu sayen kanta don tsafi sun ci ta, har a 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa a duniya.

Da sauƙi a ɗora wa mahalba laifin, ni kuwa ban yarda ba. Kibiya ta yi shekaru ɗaruruwa a Arewa ba ta ƙarar da barewa ba. Dajin ne kansa ya tafi. Nijar tana da mutum wajen miliyan 3 lokacin samun 'yanci a 1960, ƙidayar 2012 ta sami sama da miliyan 17, kuma gundumomin Dogondutsi da Tibiri kaɗai sun haura mutum 600,000 a wannan ƙidaya. Kowane baki yana son gero. Saurar da ake bari ta huta shekaru ta zama gonar kullum, gonar wannan gari ta haɗe da ta wancan, burtali ya matse. Farin 1973 da na 1984 suka kashe itace da ciyawa, yunwa ta sa aka ci abin da da ba a ci. Ga bindiga, ga fitila mai kashe wa nama ido da dare, ga babur da ke kai mutum inda ƙafa ba ta kai. Sannan ikon daji ya bar hannun wanda ke kwana kusa da shi ya koma takarda. Akwai gandun namun daji na Doso tun 1962, akwai dokar farauta ta 29 ga Afrilu 1998 mai tsara lasisi da lokaci da jerin dabbobin da aka hana taɓawa. Dokar ba ta da aibu. Sai dai ma'aikacin gandun daji ɗaya ba ya tsare abin da da gari guda yake tsarewa.

Masu bori a Dogondutsi suna cewa salla ce ta ɓata kome, maganar da Adeline Masquelier ta sa wa littafinta na 2001 suna da ita. Gaskiya ne tsoron Doguwa ya ragu, kuma tsoron nan ya taɓa zama shinge. Amma Musulunci bai ce a bar daji ba mai shi ba. Ya hana kashe dabba don wasa, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe hurumi a Naƙi'u kusa da Madina. Abin da ya faru shi ne an sauke tsohon shinge ba a kafa sabo ba. Shamuwa shaida ce. Musulmi da Azne duk ba mai jifar ta, tana zuwa gabanin damina ta yi sheƙa a tsakiyar gari, yara na murna, kuma har yau tana zuwa.

Abin da ya sami ɓaunar Amurka ya isa darasi. Aƙalla miliyan 30 ne suke kiwo a filayen ƙasar, kuma ƙabilu irin su Lakota da ita suke rayuwa: nama, tufa, tanti, har ibadarsu. Da jirgin ƙasa ya ratsa ƙasar a 1869, 'yan kasuwar fata suka shigo da bindiga, hukuma ta zuba ido domin ta san ƙarewar ɓauna ita ce karyewar ƙabilun. Kafin 1890 waɗanda suka rage a dawa ba su kai 1,000 ba. Wata kurciyarsu da ke tashi biliyoyi ta ƙare ƙurmus, ta ƙarshe ta mutu a gidan namun daji na Cincinnati a 1914. Ɓauna ta tsira da ƙyar, yanzu ta haura 400,000, ko da yake yawancinta a gandun kiwo take. A 1992 ƙabilun suka kafa ƙungiyar mayar da garkuna ƙasashensu, domin sun ga bukukuwansu da waƙoƙinsu ba su tsayawa in babu dabbar da aka gina su a kanta. Mu ma haka ne. Kirarin mahalbi da ba a taɓa ganin gwankinsa ba, jikoki ba za su daɗe suna riƙe shi ba.

Ba sai an je nesa ba ma. A Kure, kilomita 60 kafin Yamai a kan hanyar da ta fito daga Dogondutsi, raƙuman dawa 49 suka rage a 1996, su ne na ƙarshe a Afirka ta Yamma. Aka hana kashe su, aka sa mutanen ƙauyukan cikin aikin, da ja-gora daga cikinsu, da rijiyoyi da ƙananan basussuka don rage zafin waken da dabbobin ke ci musu. A 2017 sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi. Ba a cikin shinge suke ba, cikin gonakin mutane suke yawo. A Maraɗi da Damagaram kuma manoma sun mayar da itatuwa bisa kimanin hekta miliyan 5 ta hanyar sassaben zamani, wato barin tohon gawo da kalgo da sabara ya girma a gona. Inda mafaka ta dawo, ƙananan namu sukan biyo.

Giwa ba za ta komo Dallol Mawri ba, babu wurin da za ta tsaya. Amma zabon daji da fakara da gada da tuje suna iya dawowa in an ba su damina biyu uku ba a dame su ba. Sarakunan Matankari da Tibiri da na sauran garuruwa, da magadan gari, da limamai, da 'yan ƙasa na Lugu da Bagaji, su zauna da shugabannin mahalba su mayar da rufin daji da buɗinsa doka ta gari, su hana farautar fitila, kowane ƙauye ya keɓe fage ko gefen dutse da ba a shiga. Ma'aikatan gandun daji su ɗauki mahalba abokan aiki, domin su ne suka san inda sauran naman ke kwana. Ku kuma matasa masu waya a hannu, ku je wurin tsofaffin mahalban garinku ku naɗi sunayen namu da sawunsu da kirarinsu tun suna da rai.