Kare Asusun Banki Daga 'Yan Damfarar Waya: Jan Hankali Ga Al'ummar Tambuwal da Kebbe

Tun bayan ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira a ƙarshen 2022 da farkon 2023, manoma da makiyaya da 'yan kasuwa da dama a ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe suka koma ajiye kuɗinsu a banki, suna ciniki ta hanyar tiransifa da masu POS. Wannan ci gaba ne, sai dai ya buɗe ƙofa ga ɓarawon da ba ya haura katanga, wanda da kira ɗaya yake iya kwashe kuɗin shinkafa ko geron da magidanci ya yi damina guda yana wahala a kai. Domin haka muke jan hankalin jama'a da shugabanni game da wannan lamari.

Abin da muke so kowa ya fahimta shi ne, a mafi yawan lokuta ɗan damfara ba ya iya taɓa asusu sai mai shi ya miƙa masa makulli da bakinsa. Makullin kuwa shi ne lambar sirri ta katin ATM ko ta tiransifa, da lambobin da ke jikin katin, da kuma lambar amfani sau ɗaya, wato OTP, wadda banki ke turowa kafin kuɗi su fita. Babu bankin da zai kira mutum ya nemi ɗaya daga cikinsu.

Yadda suke yaudara

Wani kan kira da sunan ma'aikacin banki, ya ce za a rufe asusu saboda matsalar BVN, lambar tantancewa mai alƙaluma 11 da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a Fabrairun 2014, ko saboda ba a haɗa layi da lambar zama ɗan ƙasa ta NIN ba, kamar yadda aka umarta a Disamban 2020. Yakan ambaci cikakken sunan mutum don a yarda da shi, sa'annan ya ce a karanto masa lambar da ta shigo yanzu. Da an karanta, kuɗi sun tafi.

Wani kuma saƙo yake turowa cewa an zaɓi mutum cikin masu tallafi, ko rabon taki, ko kujerar Hajji, sai dai a fara biyan kuɗin rajista. Har ila yau akwai alat na bogi: mai saye a kasuwar Tambuwal ko Dogon Daji ya nuna saƙon da ke cewa kuɗi sun shiga, ya loda buhuna ko ya kora dabba, alhali ko kwabo bai shiga ba. Haka nan wayar da aka sace, in ba a kulle layinta da lambar sirri ba, tana iya zama hanyar shiga asusu.

Matakan kariya

Duk wanda ya kira yana gaggauta ku ko yana tsoratar da ku, ku kashe wayar, ku tuntuɓi bankinku da kanku. Kada ku rubuta lambar sirri a jikin kati, kada kuma ku faɗa wa mai POS ya danna muku. Kada ku saki kaya sai kun duba ragowar kuɗin asusunku kun ga sun ƙaru. Wanda ba ya karatu ya tsayar da mutum ɗaya amintacce a gida mai karanta masa saƙo. Ku tambayi bankinku lambar da ake dannawa a rufe asusu daga kowace waya, ku adana ta tun kafin buƙata, musamman mazauna irin su Kuchi da Margai da ke nesa da reshen banki.

Idan abin ya riga ya faru, a rufe asusu da layin nan take, a sanar da banki a karɓi shaidar ƙorafi, sa'annan a kai rahoto ga 'yan sanda ko ofishin hukumar EFCC da ke Sakkwato. In banki bai warware matsalar cikin mako biyu ba, ana iya kai ƙara Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na Babban Banki. Ƙorafi kan kamfanin layi kuwa, ana kiran hukumar sadarwa ta NCC kyauta a 622. Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga mai karɓar dukiyar mutane ta hanyar yaudara.

Kira ga shugabanni

Muna roƙon uwayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni da kansiloli da limamai da malaman gona su riƙa maimaita wannan bayani a masallatai da ranakun kasuwa da wuraren suna da ɗaurin aure, su kuma tabbatar ya isa ga mata a cikin gida. Duk sanarwar tallafi ta fito ta bakin hukumar da jama'a suka sani. A daina yi wa wanda aka damfara dariya, domin kunya ke sa mutane yin shiru, shirun kuwa ke ba ɓarawo damar komawa kan maƙwabci.

Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, amin.