Abin da Ba a Faɗa a Zaman Makokin Iya

Duk wanda ya san zaman makoki a unguwar Briqueterie ta birnin Yawunde ya san yadda magana take gudana a kan tabarma. In dattijo ne ya rasu, kafin a shafa fatiha ta uku an ji tarihinsa kaf: ɗan wane ne, daga Banyo ko Tibati ko Kano iyayensa suka gangaro, goro ya yi fatauci ko shanu, shi ya koya wa su wane ɗinki ko shanyar kilishi. In kuwa tsohuwa ce, maganar ba ta wuce baki biyu: mai haƙuri ce, mai zumunci ce, Allah ya sa halinta nagari ya bi ta. Amin. To amma matar nan ta shekara arba'in tana hura wuta kafin assalatu, kuma da cinikin ƙosanta da fankenta aka biya kuɗin makarantar wasu daga cikin alhazan da ke karɓar gaisuwa a ƙofar gida. Wannan ba ya shiga ta'aziyya. A ganina shirun nan tauye mata haƙƙi ne, kuma 'ya'ya da jikoki su ne suke tafka asarar.

A duba yadda unguwar ta kafu. Jamusawa sun kafa sansaninsu a Yawunde a 1889, fataken Hausawa suka biyo baya tun ƙarnin bai ƙare ba, aka yi ta matsar da su daga wuri zuwa wuri har suka zauna a Ekoudou, wurin da ya samo sunan Briqueterie daga masana'antar gasa tubali ta zamanin Turawa. Abin da aka riƙe na tarihin nan sunayen sarakunan Hausawa ne da limamai da manyan 'yan kasuwa. Amma zango ba ya tsayuwa sai da abincin sayarwa, kuma ba fatake ne suke tuƙa tuwon ba. Masu binciken da suka leƙa bayan zaure a wasu garuruwan Hausawa sun ga abin da ido ba ya gani daga titi. Polly Hill ta yi nazarin Batagarawa ta ƙasar Katsina, a 1969 ta kira sana'ar matan kulle ɓoyayyen ciniki. Abner Cohen ya tarar da haka a unguwar Sabo ta Ibadan, Enid Schildkrout kuma a cikin birnin Kano a shekarun 1970. Ko'ina tsarin ɗaya ne: mace tana ciki, kayanta suna waje, kuɗinta kuma nata ne, miji ba shi da iko da su, kamar yadda shari'a ta tanada. Briqueterie ba ta fita daga wannan tsari ba. Waina, kunu, dakuwa, turaren wuta, kitso, lalle, atamfa da shadda da ake kai wa gida gida a biya kaɗan kaɗan, duk hannun mata ne.

Nauyin aikin ya fi bayyana lokacin da tattalin arzikin Kamaru ya durƙushe. A 1993 gwamnati ta zaftare albashin ma'aikata har sau biyu, a Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Mai albashi ya rasa na cefane, tela ya rasa mai kawo ɗinki, gidaje da yawa suka koma kan tukunyar uwargida da kwasar adashinta. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna kusan kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Kamaru sana'arsu ba ta da rajista. Irin wannan uwa ba ta da takardar albashi, ba ta da fansho a asusun ma'aikata na CNPS, babu ofishin da zai yi mata bikin ritaya. Hasali ma ba ta ritaya, domin ranar da gwiwa ta hana ta zama gaban kasko ranar take karɓar wani aikin: wankan jego, yayen jika, renon 'ya'yan ɗiyarta da ke koyarwa a makaranta ko jinya a asibiti. 'Yar bokon nan tana iya fita da ƙarfe bakwai ne saboda akwai kaka a gida. In har ba a faɗi aikinta a makokinta ba, to babu wani wurin da za a faɗe shi.

Wani zai ce mamaci addu'a yake bukata, yabo ba ya ƙara masa komai. Gaskiya ne addu'a ce gaba, amma ambaton alheri bai saɓa mata ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ci gaba da ambaton Nana Khadija shekaru bayan rasuwarta, da dukiyar kasuwancinta da ta tallafa masa da ita, har yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta. Nana Zainab bint Jahsh an san ta da aikin jima da hannunta tana sadaka da abin da ta samu, kuma da wannan matan Annabi suka tuna da ita. A ƙasar Hausa ma Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ba manyan Sakkwato kaɗai ta yi wa waƙar makoki ba. Ta yi wa wata mata mai suna Zaharatu, ta lissafa hidimarta ga mata masu naƙuda da gyaran gawa. Ke nan malamar malamai ba ta ga aibi a faɗin aikin mace ba.

Hujja ta biyu ta fi wuyar turewa, wato kunya. Ɗan Bahaushe ba ya kiran sunan uwarsa, kuma cewa ita ta ciyar da gida kamar tona asirin uba ne. Amma kunyar da ke rufa asirin mutum ɗaya ta binne gumin wani ba adalci ba ce, kuma ana iya cewa uwa da uba sun haɗa hannu ba tare da an muzanta kowa ba. Akwai kuma masu cewa sana'ar nan a kan tiren talla ta ginu, 'yan mata da yawa suka rasa karatu saboda ita. Wannan ma gaskiya ne, kuma ya kamata ya shiga labarin. Jikar da ta ji cewa kakarta ta ɗora wa babbar ɗiya talla don ƙanne maza su yi makaranta za ta san bashin da ake bin gidan, da wadda ake bi wa shi.

Ga kuma lamarin shari'a da ake mantawa. Ba a raba gado sai an biya bashi, ita kuwa littafinta yana cikin kanta: wa ta ba atamfa bai gama biya ba, zubi nawa ya rage a adashi, ajiyar wace maƙwabciya ce a ƙasan akwati. In ta tafi ba a tambaye ta ba, haƙƙin mutane ya bi ta kabari.

Mun san rayuwar wata Bahausa, Baba ta Karo, dalla dalla saboda Mary Smith ta zauna da ita a 1949 da 1950 ta rubuta abin da ta faɗa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954. Yau ko wane jika a Briqueterie yana da waya mai ɗaukar murya a aljihu. Wanda Allah ya bar wa iya ko kaka da rai, ya samu wani yammaci bayan la'asar ya zauna kusa da ita, ya tambaye ta da jarin nawa ta fara, wa ya koya mata, wa take bi bashi, wa yake bin ta.