Ido Ba Ya Auna Ruwa: Kira Ga Mazauna Bukan Sidi

Tun daga ranar 1 ga Oktoba, 1996, da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa aka mai da Lafiya babban birninta, gari yake ta bunƙasa. Unguwanni irin su Bukan Sidi da ke kan hanyar Jos sun cika sun batse, gida manne da gida, kowa da masai da rijiyarsa a fili ɗaya. Famfo bai iya bin gine-gine da irin wannan sauri ba, sai jama'a suka koma ga rijiya da burtsatse da 'yan garuwa. To, wa yake auna wannan ruwa da muke sha, kuma yaushe rabon da a auna shi?

Duk abin da gari ya zubar, ruwa ne ke kwashe shi. Ruwan farkon damina yakan wanke bola da kwata da kashin dabbobi da baƙin man garejin makanikai, ya haɗa da takin zamani da maganin feshi daga gonaki, ya zuba a rafuka da Kogin Amba da kududdufai. Kogi dai yana gudu. Ruwan da ke kwance, kamar tafki ko madatsa irin ta Doma, shi ne ke tara dattin ya riƙe. Idan ka ga gansakuka ta rufe fuskar tafki, ko kifi na tasowa matattu, ka tuna ruwa ba ya tsami banza.

Sai dai mafi munin guba ba ta da launi, ba ta da wari. Mutanen Tibiri, kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, sun ga haka da idonsu. Shekara da shekaru suna shan ruwan rijiyar burtsatse garai-garai, ashe sinadarin fulorayid ya yi masa yawa ƙwarai. Ba a farga ba sai da haƙoran yara suka rine, ƙasusuwan ƙafafunsu suka lanƙwashe. Gwajin da ba ya cin wani kuɗin a zo a gani da ya tona asirin ruwan tun da wuri. A Kano kuwa, an daɗe ana kokawa kan ruwan masana'antu, musamman na jima, da ke gangarawa daga Bompai zuwa Jakara, daga Sharaɗa zuwa Kogin Chalawa, alhali da shi ake noman rani.

Auna ruwa ba wani abin mamaki ba ne. Ana ɗiban sa a kwalba mai tsabta a kai ɗakin gwaji, a gwada da ƙa'idar ruwan sha ta ƙasa, wadda hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, ta fara fitarwa a 2007. A cikin mililita 100 na ruwan sha, bai kamata a sami ko da ƙwayar E. coli ɗaya ba, domin samun ta shaida ce cewa bayan gida ya shiga ruwan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada naitiret, wanda ke zuwa daga taki da masai, ya wuce miligiram 50 a lita, fulorayid 1.5, dalma kuwa 0.01. Kuma gwaji ɗaya ba ya wadatarwa. Rijiyar da ta fita lafiya a watan Fabrairu tana iya gurɓata a Agusta, lokacin da ƙasa ta jiƙa ruwan masai ya sami hanya. Dole a riƙa maimaitawa rani da damina, ana ajiye sakamakon, don a gane ko lamarin gyaruwa yake ko lalacewa.

Sakaci da wannan yana da tsada. A 2021 kaɗai, kwalara ta yi sanadin mutuwar sama da mutum 3,000 a Nijeriya. Ga taifot, ga tsargiya da yara ke kwasowa wajen wanka a kududdufi, wadda har yanzu wasu ke ɗauka alamar balaga ce.

A gida, uwargida ta sani alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe cuta. A tafasa ruwa ya yi minti 1 yana zaɓalɓala, ko a sa maganin kulorin a jira minti 30. Amma tafasawa ba ta cire dalma ko naitiret, gwaji ne kawai ke nuna su. Mai shirin haƙa rijiya ya nisanta ta da masai kamar mita 30, ya ɗaga bakinta, ya yi mata murfi. Mai kamun kifi da guba kuwa, ya ji tsoron Allah.

A ganina, babban nauyin yana kan hukuma: Hukumar Ruwa ta Jiha da duba-gari su riƙa auna madatsu da koguna da burtsatsen kasuwanci a kai a kai, su kafe sakamakon inda kowa zai gani. Kafin nan, ga Jami'ar Tarayya ta Lafiya a kusa da mu, da malaman kimiyya. Masu unguwa da limamai da fastoci, ku tara jama'a a yi karo-karo, a kai ruwan rijiyoyin da aka fi sha a auna kafin damina mai zuwa ta kankama.