Tsohuwar Bishiyar Gida: Yaushe Ya Kamata A Sa Mata Gatari?

A kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka, daga Los Anjalis zuwa San Diyego, garuruwa ne a bakin Tekun Pasifik amma ruwan sama bai ishe su ba. Abin da Los Anjalis ke samu a shekara kimanin milimita 370 ne, kuma kusan duka a lokacin sanyi yake sauka. Daga watan Mayu zuwa Oktoba sai dai raɓa da hazon teku. Duk da haka unguwanninsu cike suke da manyan bishiyoyi, yawancinsu baƙi ne da aka kawo daga wasu ƙasashe, aka raine su da ruwan famfo. Bishiyar turare daga Ostireliya ta zo tun ƙarni na 19. Dogayen bishiyoyin nan masu kama da giginya da ake gani a finafinai, dubbansu an dasa su ne a 1931, ana shirin wasannin Olamfik na 1932. Yanzu duk sun manyanta lokaci guda, kuma masu gidaje da yawa na tsaye a gindinsu suna tambayar kansu ko a sare ko a bari.

Tsufa shi kaɗai ba hujja ba ne. Akwai wani nau'in oak na asalin yankin da ke haura shekara 200 yana nan daram, akwai kuma fain ɗin Monterey da da wuya ya cika 100, a gidajen kudu masu zafi ma ba ya kaiwa kusa. Saboda haka ƙwararren mai duba bishiya ba ya fara da tambayar shekaru. Abin da yake so ya sani shi ne ko akwai alamar za ta faɗi, in kuma ta faɗi a kan me za ta sauka. Ruɓaɓɓiyar bishiya a ƙarshen fili inda ba kowa ke bi ba ana iya ƙyale ta tsuntsaye su yi sheƙa. Wadda ta fi ta lafiya sau biyu amma reshenta na rataye a saman ɗakin kwanan yara, ita ce abin damuwa. Wani lokaci ma maganin ba gatari ba ne, a ɗauke motar ko kujerar da ke ƙarƙashinta kawai.

Yawancin mutane ganye suke kallo, alhali labarin yana ƙasa. Idan laimar kwaɗi ta tsiro a gindin bishiya, ko wani abu mai tauri kamar faifai ya fito a jikin kututturen kusa da ƙasa, to ruɓa ta riga ta shiga saiwa ko zuciyar icen, ko da saman na kore shar. Idan bishiyar da aka sani a miƙe ta fara karkata, ƙasar da ke bayanta ta kumbura ko ta tsage, wannan ba ta jiran shawara, saiwoyin ne suka fara sakin ƙasa. Haka ma tsaga mai zurfi a inda kututture ya rabu biyu. Kogo kuwa ba kullum yake nufin mutuwa ba, domin ƙarfin bishiya a zagayen waje yake, kuma da yawa na rayuwa shekara da shekaru da rami a cikinsu muddin bangon da ya rage na da kauri. Shi ya sa ake ƙwanƙwasa kututturen a saurari amonsa, ko a auna shi da na'ura, kafin a yanke hukunci.

Akwai wani abin da ya keɓanta da busasshiyar ƙasa, kuma a ganina shi ne ya fi kashe bishiyoyin yankin ba tare da masu su sun ankara ba. A farin da aka yi daga 2012 zuwa 2016, gwamnan jihar na lokacin, Jerry Brown, ya ba da umarni a 2015 cewa birane su rage amfani da ruwa da kashi 25 cikin 100. Mutane suka daina shayar da ciyawar ƙofar gida, wasu suka tuge ta suka zuba tsakuwa. Sun manta cewa bishiyar da ke tsakiyar ciyawar daga wannan ban ruwan take sha tun tana ƙarama, saiwoyinta duk a sama-sama suke. Bishiya ba ta mutuwa ranar da aka yanke mata ruwa. Takan ɗauki shekara biyu ko uku tana bushewa daga ƙololuwa zuwa ƙasa, ƙwari na samun hanyar shiga. Sai kuma a sami shekarar ruwa mai yawa, kamar farkon 2023, ƙasa ta jiƙe sharkaf, iska ta taso, bishiyar da rabin saiwarta ya mutu ta kife gaba ɗaya. Da yawa daga cikin irin waɗannan da an riƙa yi musu ban ruwa mai zurfi sau ɗaya ko biyu a wata, daidai inda inuwar rassansu ta ƙare, da sun tsira. Sai dai oak ɗin asalin yankin akasin haka yake: shayar da gindinsa a lokacin zafi shi ke jawo masa ruɓar saiwa.

Iskar ma ba ta wasa ba ce. Santa Ana ake kiranta, busasshiya ce da ke gangarowa daga hamada ta cikin duwatsu zuwa teku, galibi a kaka da lokacin sanyi. A daren 30 ga Nuwamba 2011 ta kayar da dubban bishiyoyi a Pasadena da kewaye. Ita ce kuma ta hura gobarar Janairun 2025 da ta cinye dubban gidaje a Altadena da Pacific Palisades. Dokar jihar ta wajabta wa masu gida a wuraren da gobarar daji ke barazana su gyara kewayen gidansu har tsawon ƙafa 100. Wannan ba ya nufin a share kowace bishiya. Busassun rassa, tarin ganye a kan rufi, ɓawon turare da ke zuba, da matattun ganyen da ke rataye a wuyan giginyoyin nan, su ne ke kama tartsatsi.

Inda ba a cika samun zaɓi ba shi ne wajen cuta. Wani ɗan ƙwaro da bai fi ƙwayar riɗi ba, asalinsa kudu maso gabashin Asiya, an fara ganin sa a gundumar Los Anjalis a 2003. Yana huda ice yana shigar da wata cuta da ke toshe hanyoyin ruwan bishiya. Idan ramukan sun tsaya a reshe ɗaya a yanke reshen, in sun mamaye kututture to bishiyar ta zama masaukin ƙwaron da zai halaka na maƙwabta. A irin wannan hali ba a kai icen zuwa wani gari don girki, niƙe shi ake yi ƙanana. Dangin dabino kuma zuciya ɗaya gare su a can ƙololuwa. Da zarar ƙwaro ko cuta ta cinye ta, babu sauran toho, kuma kan na iya ɓallewa ya faɗo da nauyinsa.

Sai rikicin saiwa da gini. Wani ɗan'uwan cediya da durumi da aka cika titunan Los Anjalis da shi saboda inuwarsa ya ɗaɗɗaga simintin hanyoyin masu tafiya a ƙasa, har a 2015 birnin ya amince a kotu zai kashe sama da dala biliyan ɗaya cikin shekara 30 wajen gyaran hanyoyin, bayan masu buƙata ta musamman sun kai ƙara. Mai gida kan so ya datse saiwar da ke damun sa ya bar bishiyar. Datse manyan saiwoyi kusa da gindi na iya mayar da lafiyayyiyar bishiya abin tsoro. Haka nan sare mata kai don a rage tsawonta: tohon da ke biyo baya ba ya da kama mai ƙarfi, shi ke karyewa bayan 'yan shekaru.

Ko bayan an yanke shawara, ba a tashi kawai a ɗauko zarto. Birnin Los Anjalis na kare wasu bishiyoyin asali, ciki har da oak, ko a cikin gidan mutum suke, sai da izini kuma sai an dasa madadinsu. Bishiyar bakin titi ta hukuma ce. Dokar tarayya ta 1918 ta hana lalata sheƙar tsuntsaye masu ƙaura idan akwai ƙwai ko 'ya'ya a ciki, don haka aka fi yin aikin a kaka. Kuma yana da kyau wanda zai duba lafiyar bishiyar ya zama daban da wanda za a biya kuɗin sarewa.

Ni dai hukuncina, in saiwa da gindi na da lafiya, a yi haƙuri da tsohuwar bishiya, a rage mata nauyi, a ba ta ruwa. A ƙasar da ruwa ya yi ƙaranci, inuwar da zarto ya kawar a yini ɗaya sai an yi shekara 20 ko fiye kafin a maye gurbinta. In kuwa gindin ya ruɓe, ko ta fara karkata zuwa inda mutane ke kwana, to ƙaunar wanda ya dasa ta ba dalilin jinkiri ba ne. Mai tsohuwar bishiya a gida ya dasa magajiyarta tun yanzu, nau'in da ke jure fari, nesa da bango da wayar lantarki, sannan ya sa a duba masa tsohuwar kafin lokacin iska ya zo.