Zagayen Katsina da motarku: yadda ake tsara tafiyar kwana uku a dawo gida lafiya

Ga waɗanda data ba ta barinsu su saurari murya, ga shirin wannan makon a rubuce kamar yadda muka saba.

Abin da ya jawo maganar yau, wani abokina ne da muka yi sakandare tare, yanzu yana karatu a arewacin tsibirin Saifurus, can cikin tekun Bahar Rum. Da aka yi hutu suka haɗa kuɗi su huɗu, suka yi hayar mota, suka bi gaɓar teku gari bayan gari, yana ta ɗora hotuna a WhatsApp. Yaran garinmu kowa sai "Allah Ya kai mu". Ni kuwa sai na tambayi kaina, mu nawa ne a nan Gozaki muka taɓa ganin Hasumiyar Gobarau da idonmu? Saifurus ɗungurungum ba ta kai murabba'in kilomita 10,000 ba, jihar Katsina kuwa ta haura 24,000. Wato jiharmu ta ninka tsibirin fiye da sau biyu, amma da yawanmu iyakarmu kasuwar Funtuwa da asibitin Malumfashi. In an je birni ma, takarda aka je karɓowa, a juyo a ranar.

To yau zan yi bayanin yadda za ku haɗu ku huɗu ko biyar, ku ɗauki mota, ku zagaya ku dawo. Amma ku riƙe magana ɗaya tun daga farko. Wanda ke zagaya tsibiri, teku ce take yi masa iyaka. Mu a nan rana ce iyakarmu. Duk tsarin tafiyar daga faɗuwar rana ake fara lissafa shi, a dawo baya.

Ba a littafi na koyi wannan ba. Tafiyarmu ta farko mun shagala a birni, hira da ɗaukar hoto, ba mu kamo hanyar gida ba sai bayan la'asar. Mun wuce Kankiya kaɗan taya ta fashe. Muka buɗe but, safaya ba iska, wallahi ko ɗis. Kafin a samu mai babur ya kai tayar wajen mai faci ya dawo, an kira magariba. Mahaifiyata ta kira ni ya fi sau goma. Da na ɗaga abin da ta ce kawai shi ne, "Kar ka kuskura ka taho, ka nemi inda za ka kwana." Muka koma Kankiya muka kwana a gidan ɗan'uwan ɗayanmu. Babu abin da ya same mu, alhamdu lillahi, amma daren nan ba ta runtsa ba, kuma laifina ne.

Abu na farko, lokacin tafiya. Mu manoma ne, ba wanda zai bar gona da damina ya tafi yawon buɗe ido, ga kuma ramuka da ruwa ke ɓoyewa a hanya. Lokacin da ya fi shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu: an kai masara da waken suya gida, akwai ɗan abu a aljihu, rana ba ta da zafi sosai. Matsalarsa guda biyu. Hazo yana rage gani, musamman da sassafe, kuma yini gajere ne, wajen ƙarfe 6 magariba ta yi. Saboda haka dokarmu ita ce, ƙarfe 4 na yamma ta same ku a cikin garin da za ku kwana. Wannan awa biyun da kuka bari, ita ce ta faci, ta bakanike, ta layin shingen bincike. Wanda ke son ganin hawa, sai ya daidaita tafiyar da Hawan Sallah a Katsina ko Sallar Gani a Daura, amma ya tabbatar za a yi a shekarar, kuma ya nemi masauki da wuri.

Abu na biyu, hanya. Daga Malumfashi hanya biyu aka fi sani zuwa birni. Akwai wadda ke bi ta Marabar Ƙanƙara da 'Yantumaki da Dutsinma. Akwai kuma wadda ke bi ta Dayi, ta faɗa titin Kano zuwa Katsina a Gidan Mutum Ɗaya, ta wuce Kankiya da Caranci. Ni ta biyun nake bi, wajen kilomita 150 da 'yan kai. Ba sai na tsaya yi muku dogon bayani ba, duk mun san abin da yankin yamma ya gani, mun tuna ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka kwashe a Disambar 2020. Kuma lamarin nan yana sauyawa, hanyar da ke lafiya a wannan watan tana iya rikicewa a wata mai zuwa. Google Maps gajeriyar hanya kawai ya sani, bai san inda aka tare jiya ba. Wanda ya sani shi ne direban haya. Da safen da za ku tashi ku shiga tasha, ku gaida direbobi da 'yan kamasho, ku ce, "Malam, yaya hanya yau?" In suka ce a dakata, a dakata. In kun ga titi ya yi tsit, babu mota mai tahowa daga gabanku na tsawon lokaci, ku tsaya a gari mafi kusa ku tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Yanzu ga yadda kwana ukun za su kasance.

Ranar farko ku bar Malumfashi ƙarfe 7 na safe, gari ya waye sosai, motoci sun fara zirga-zirga. In Lahadi ce ku sani kasuwar Caranci tana ci, za ta cinye muku lokaci. Kafin 11 kun shiga Katsina. Ku fara ajiye kaya a masauki, sannan yawo. Gobarau tana tsakiyar birni, ginin ƙasa ce mai tsawon kusan mita 15, kuma ana danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Ku nemi mai kula da wurin kafin ku hau. Daga nan sai Ƙofar Soro, gaban fadar Sarki, wadda ake kira Gidan Korau. Sai tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Ita ce ta zama Kwalejin Barewa ta Zariya daga baya, tsohon gininta kuma yanzu gidan tarihi ne. Ku sa wani na birni ya bincika muku ko a buɗe yake a ranar, kar ku je ku tarar da kwaɗo. In da sauran lokaci ku ga Ƙofar 'Yanɗaka, ta inda Lugga ya shigo a 1903, ku ziyarci kabarin Wali Ɗan Marina.

Rana ta biyu, Katsina zuwa Daura, wajen kilomita 80. Tafiyar ba ta da nisa, shi ya sa za a iya ratsewa zuwa Durɓi ta Kusheyi a ƙaramar hukumar Mani. Wasu tuddai ne da aka binne manyan mutanen da a cikinsu. Baturen mulkin mallaka Palmer ya haƙa wurin a 1907, aka sake haƙawa a 1992, aka samu kayan ƙarfe da na ado, har da waɗanda aka kawo daga ƙasashe masu nisa. Ma'ana tun ɗaruruwan shekaru kakanninmu suna ciniki da duniya. Amma fa in faɗa muku gaskiya, in ba mai bayani, tudun ƙasa kawai za ku gani. Ku fara zuwa wajen mai gari ku yi gaisuwa, a haɗa ku da wanda ya san wurin. A Daura kuwa, Rijiyar Kusugu ce kan gaba, wadda labarin Bayajidda da macijiya da Sarauniya Daurama ya rataya a kanta. An kewaye ta da gini, akwai masu kula, har a ɗebo muku ruwan ku sha. Ku ga ƙofar fada, ku kwana a Daura.

Rana ta uku ita ce mai tsawo, wajen kilomita 250. Maimakon ku koma ta inda kuka zo, ku gangaro ta Kazaure zuwa Kano, ku ɗauki hanyar Gwarzo zuwa Dayi, ku faɗo Malumfashi. Kun ga an yi zagaye kenan. A nan ne shaiɗan ke raɗa wa mutum, "Tunda ga mu a Kano, bari mu shiga Kantin Kwari, mu hau Dala." Kano ba ta ganuwa a awa biyu, cunkosonta kaɗai ya isa. Ku ci abinci, ku yi azahar, ƙarfe 1 da rabi ta same ku a hanya. Kano ku ware mata tata tafiyar. Mu 'yan Gozaki da ƙauyukan Ƙafur kuma mu tuna, isa Malumfashi ba isa gida ba ne, akwai sauran tafiya, ita ma da rana za a yi ta.

Abu na uku, mota. Kwana biyu kafin tafiya ku kai ta wajen bakanike, ba a ranar ba. A duba birki da man birki, baƙin mai, ruwan lagireto, fanbel, batir da fitilu. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. In kun ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019 kenan, ta tsufa ko da zanenta bai cinye ba. Safaya kuwa, ku fito da ita ku taɓa da hannunku, kar ku yarda da "ai tana nan". Jak, sifana, gongon kashe gobara, alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa a titi, da jarkar ruwa. In motar aro ce, ku yi magana da mai ita a gaban shaida: in wani abu ya lalace, wa zai biya? Zumunci da yawa ya mutu a kan wannan. Direba kuma ya zama biyu, masu lasisi, waɗanda suka saba da babban titi. Wanda ya koyi mota a filin makaranta watan jiya ya zauna a baya. Ƙa'idar gudu ga ƙaramar mota kilomita 80 ce a awa a babbar hanya, 50 a cikin gari.

Abu na huɗu, takardu. Lasisin tuƙi, takardun mota da ba su ƙare ba, inshora, da katin shaidar ɗan ƙasa ga kowa. Za ku haɗu da jami'an kiyaye haɗurra, da KASSAROTA a Katsina, da KAROTA a Kano. Ta wajen Daura an kusa iyakar Nijar, akwai kwastam, saboda haka takardar kwastam ta motar ta kasance a hannu. A shinge ku rage gudu, ku sauke gilashi, ku yi sallama, kuma kar wanda ya ɗaga waya yana bidiyo. Ku ajiye lamba 122 ta hukumar kiyaye haɗurra da 112 ta gaggawa.

Abu na biyar, kuɗi. Zagayen da yawon cikin gari, ku ƙaddara kilomita 600. Ƙaramar mota mai lafiya tana cin kamar lita ɗaya a kilomita 10, lita 60 kenan. Ku ninka da farashin gidan man garinku. A misali, in lita naira 1,000 ce, dubu 60, ku huɗu kowa dubu 15. Sai masaukin dare biyu, abinci, da ɗan abin da za a ba masu kula da wurare. In kun gama lissafi ku ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kai, na ko-ta-kwana, a ba mutum ɗaya ya riƙe, ba mai taɓawa don tsire. Ku riƙe tsabar kuɗi kaɗan, don mai faci a ƙauye ba ya jiran taransifa in sabis ya ɗauke. Kuma tanki ya sauko rabi, a cika.

Abu na ƙarshe, mutanen gida. Ku rubuta wa Baba ko yayanku hanyar da za ku bi, inda za ku kwana, da lambar kowa a motar. Kun isa gari, ku kira. In da mata a tafiyar, 'yan'uwanku ko matanku, a tanadi masaukinsu tun kafin a tashi. Hotuna kuma, don Allah, a bari sai an bar wuri a ɗora. Ba dole duniya ta san inda kuke a wannan mintin ba. A fada da maƙabarta a nemi izini kafin a ɗauki hoto, a cire takalmi inda aka ce a cire.

Wani zai ce, ana fama da tsaro da tsadar mai kai kana maganar yawo? Na ji, kuma ban ce kowa ya tafi ba. In hanya ba lafiya, a zauna, Gobarau ba za ta gudu ba. Amma marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, a littafinsa na tarihin Katsina da ya fito a 1981, ya ambaci Gozaki da Maska cikin tsofaffin garuruwan kudancin ƙasar Katsina. Ni a jami'a na fara karanta wannan, ban taɓa ji a gida ba. Abin kunya ne a ce baƙo ya zo daga Jamus ya haƙa tarihinmu, mu kuma ba mu san hanyar wurin ba. Kafin ma ku kunna mota, ku je wajen dattijo mafi tsufa a unguwarku ku tambaye shi inda tsohuwar ganuwar gari ta bi. Daga nan yawon ke farawa, kuma ko lita ɗaya ba ya ci.

Wanda ya taɓa bin hanyar nan kwanan nan, ya faɗa mana yadda ya same ta, wani zai amfana. Allah Ya tsare mana hanyoyinmu, Ya kawo mana zaman lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.