Madubin Saitin Bindiga: Me Maharbi Ke Saye Da Kuɗinsa?

A ƙasar Amurka, inda farautar barewa ke tara miliyoyin mutane kowace kaka, akwai wata gardama da ba ta ƙarewa tsakanin maharba, watau gardamar madubin saiti. Wannan wani bututu ne mai gilasai a ciki, ana ɗaura shi a gadon bayan bindiga, ya jawo abin da ke nesa ya zo kusa. Ana samun na ƙasa da dala 200, ana kuma samun na sama da dala 2,000. Idan aka jera su a kanti da rana tsaka, mai saye ya leƙa wannan ya leƙa wancan, da ƙyar zai ga bambanci. To, ina sauran kuɗin suka shiga?

Amsar tana wurin haske. Namun daji ba su cika fitowa da rana tsaka ba, sai da asuba ko dab da magariba, lokacin da ido ke fama. Ko wace fuskar gilashi da ba a yi wa shafe ba takan mayar da kamar kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗo mata, ga shi kuwa gilasan cikin bututun suna da yawa. Kafin haske ya iso ido ya rage ƙwarai. A 1935 wani masani mai suna Alexander Smakula, ma'aikacin kamfanin Zeiss na Jamus, ya gano wani siririn shafe da ke rage wannan hasara. Yanzu kusan ko wane madubi yana da shafe, amma fa shafe suna suka tara. Na mai tsada rufi-rufi ne a kan ko wane gilashi, shi ya sa mai shi kan ci gaba da rarrabe ƙaho da reshe bayan duhu ya rufe wa mai na araha.

Yawan jawowa kuwa, wanda sabon shiga ke ruɗuwa da shi, ba shi ne inganci ba. Ga lissafin. Madubin da aka rubuta wa 3-9x40 yana jawo abu ninki 3 zuwa 9, faɗin gilashin gabansa milimita 40. In aka kai shi ninki 9, zaren hasken da ke shiga ido bai kai milimita 4 da rabi ba, alhali ƙwayar idon saurayi takan buɗe har milimita 7 cikin duhu. Don haka ne maharban Jamus masu dakon aladen dawa a farin wata suka daɗe da riƙon 8x56, wanda ke ba da 7 cif.

Sa'an nan akwai maganar ƙarko. Duk harbi bindiga takan yi shuri da baya, madubin ya sha girgiza. In kayan cikinsa ba su da kyau, saiti ya goce ba a sani ba. Nan ne abin ya wuce batun kuɗi, domin harsashin da ya kauce daga ƙirji ya sami ciki, dabba za ta gudu da rauni ta je ta mutu a wahale, maharbi kuma ya koma gida hannu rabbana. Raɓa ma masifa ce. An ce wani Marcus Leupold na jihar Oregon ya rasa barewa domin madubinsa ya yi gumi daga ciki, haushi ya sa kamfanin gidansu ya shiga ƙera madubi, suka fitar da na farko a 1947, daga baya suka riƙa zuƙe iskar ciki suna ɗura nitirojin.

Amma kada a raina na araha. A 1930 W. R. Weaver ya fito da madubin da bai kai dala 20 ba, shi ne ya sa talakan maharbi ya san daɗin abin. Wanda ke harbi da rana, a tazarar da ba ta wuce mita 100 ba, matsakaicin madubi ya ishe shi, gara ya sa rarar kuɗin a zobban ɗaurewa masu kyau da harsashin gwaji. Madubin dala 2,000 a kan zobe mai lilo bai fi na dala 100 ba.

Mai karatu da ke zaune a Ikko ko Badun, in sha'awa ta kama shi, ya san cewa nan gida dokar bindigogi ta 1959 ta sa bindigar farauta mai cin harsashi a ƙarƙashin lasin Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Bindigar toka da maharbanmu suka gada kuwa, lasinta yana hannun Kwamishinan 'Yan Sandan jiha.