Tiyatar zuciya ba tare da raba ƙirji ba

Idan kitse ya toshe jijiyar da ke kai wa tsokar zuciya jini, likitoci sukan yi wa jinin hanyar ratse: su ɗauko wata lafiyayyar jijiya su jona ta gaba da wurin toshewar. Likitan nan ɗan Ajantina, René Favaloro, shi ya ɗora aikin a kan turba a asibitin Cleveland na Amurka a 1967. Wahalar tana wajen isa ga zuciyar, domin sai an raba ƙashin ƙirji biyu da zarto, in an gama a ɗaure shi da waya. Ƙashin yakan ɗauki sati 6 zuwa 8 kafin ya haɗe. Ba ɗaukar kaya, ba tuƙi, ko tari za a yi sai an rungume matashin kai.

A 1998, a asibitin Broussais na birnin Faris, likita Didier Loulmet ya yi aikin da na'urar mutum-mutumi mai suna da Vinci, bai taɓa ƙashin ba. Ƙananan huji uku ko huɗu ake yi tsakanin haƙarƙarin hagu, a sace iskar huhun wannan ɓangaren don a sami fili, sannan a zura kyamara da siraran hannuwan ƙarfe. Likita yana zaune a gefe, yana ganin zuciyar ta ninka girmanta kusan sau 10. Duk yadda ya motsa yatsunsa haka na'urar ke yi, ta kuma tace rawar hannu. Da haka yake ɓanɓaro jijiyar da ke manne a cikin bangon ƙirji, ya ɗinke ta a jikin babbar jijiyar gaban zuciya. Jinin da ke zuba kaɗan ne, mara lafiya kuma yakan miƙe da wuri.

Sai dai na'urar ba ta yanka komai da kanta. A yawancin samfurinta likita ba ya jin taurin zare a yatsunsa, da ido yake aunawa, wannan kuwa sai wanda hannunsa ya faɗa. Aikin ya fi dacewa da mai toshewar jijiya ɗaya ko biyu, kuma in jini ya ɓalle, dole a koma ga zarto nan take. Ga tsada: kuɗin na'urar kan kai dala miliyan 2.

Don haka masu kai 'yan'uwa Indiya ko Masar neman magani, kada hoton mutum-mutumi a takardar talla ya ruɗe ku. Ku tambayi likitan sau nawa ya yi wannan aikin da kansa, kuma sau nawa ya ƙare da buɗe ƙirji.